Bencin da Ya Rage

Shekarata ashirin ba ɗaya aka tura ni koyarwa wani ƙauyen ƙabilar Alago da ke gefen hanyar Keana, ana saura 'yan shekaru Turawa su tattara su tafi. Ni ɗan cikin garin Lafia ne, Hausa kaɗai nake ji, sai ɗan Turancin da na tsinto a makarantar Midil kafin a sallame ni. Kwalejin horon malamai kuwa ko ƙofarta ban sani ba. An dai miƙo mini rajista da akwatin alli aka ce in je in koyar, ni kuma na ɗaure su a bayan keke na tafi ina ta jin kaina.

Makarantar ɗaki ɗaya ce, ginin ƙasa, rufin ciyawa. Mutanen garin ne suka gina ta da hannunsu. Mata suka ɗebo ruwa, maza suka kwaɓa ƙasa, mai gari ya ba da filin da yake shuka riɗi a ciki. Abin da hukuma ta kawo bai wuce allo ɗaya da bencuna tara ba, sai ni. Yara ashirin da 'yan kai ke zuwa, kuma in ka cire biyu da iyayensu ke fatauci, babu wanda ya iya Hausar da ta wuce ta gaisuwa.

Yadda aka koya mini haka na koyar. In faɗa, su maimaita. Biyu sau biyu huɗu, biyu sau uku shida, har sai ciyawar rufi ta ɗauka. Duk wanda ya bi ta hanya zai rantse malamai ake ƙyanƙyasa a ɗakin nan. Ni ma haka na ɗauka. Wanda bakinsa bai motsa ba ya sha bulala, don ina da tsumagiyar tsamiya da ba ta rabuwa da hannuna, ga ni da zuciya kamar ta kuturu tun ina ƙarami.

Da rani ya shigo mai duba makarantu ya zo a kan babur. Na sa yara suka rera masa lissafin sau tun daga biyu har goma sha biyu, ina tsaye ina murmushi ina jiran yabo. Ya karɓi alli ya rubuta ɗan lissafin rabawa a allo, ya riƙa kiran su ɗaya bayan ɗaya. Wallahi ko ɗaya bai iya ba. Ya sauko ya tambaye su uku a tara da huɗu, nan ma suka yi tsuru-tsuru suna kallona. Da muka fito waje ya ce mini zai dawo farkon damina, in ya tarar da su haka zai rubuta a rufe makarantar, a raba bencunan ga makarantun da ke amfani da su. Ya faɗa ne a hankali, ba faɗa ba tsawa, shi ya sa na san ba wasa yake ba.

Daga ranar barci da abinci suka ƙaurace mini. Dabarar da na sani guda ce, sai na ninka ta. Na ƙara ihu, na ƙara bulala. Yara suka fara zamewa. Lokacin dafa gishiri ne, iyaye mata suka ga gara 'ya'yansu su bi su wajen Keana su taya su itace da ɗibar ruwan gishiri da su zauna wani baƙo yana jibgar su a banza. Akwai safiyar da na kira rajista mutum bakwai suka amsa. Na sallame su da wuri, na zagaya bayan aji na zauna na yi kuka, ƙato da ni. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mai gari. Kullum zai biyo ta wurin zai tsaya ya tambaye ni, ta bakin tafinta, ko yaran suna ƙoƙari, ni kuma in ce masa suna yi. A gida kuwa mahaifiyata ta gama cika unguwa da cewa ɗanta malamin makaranta ne.

Wata Asabar na shigo Lafia gyaran keke kusa da tashar jirgi, na haɗu da wani dattijon malami da ke koyarwa a wata makaranta ta wajen Adogi. Mutumin Eggon ne, Kirista, ya yi soja kafin ya kama alli, kowa Baba yake ce masa. Ya dube ni ya ce wace cuta ke cina na rame haka. Ban san lokacin da na zazzage masa komai ba. Ya ce su huɗu ne suke haɗuwa kowace Asabar da hantsi a wani aji da aka ara musu a cikin gari, dukansu malaman ƙauye, babu wanda ya sa su, babu mai biyan su. Ɗaya ya tashi ya yi darasi, sauran su zauna a benci a matsayin yara, in ya gama a faɗa masa inda ya yi daidai da inda ya kwafsa. Ya ce in zo in zama na biyar.

Na je. Da aka ba ni alli na yi musu abin da na saba, suka amsa ras, har da ɗaga hannu ana rige-rige. Kowane tsohon banza yana so a ga shi ne ya fi ƙwaƙwalwa. Aka ce muryata na fita, rubutuna a allo ya miƙe, in dai rage sauri. Na koma ƙauye da ƙarfin gwiwa, ran Litinin na yi darasin nan sak, yara suka bi ni da ido kamar da. Haka muka yi Asabar uku. A ta huɗu ana cikin yaba mini na jefar da allin, na ce musu duk maƙaryata ne, yaudarata suke yi, su da suka san amsa tun kafin in buɗe baki me zai hana su amsa. Na ce ni makarantata za a rufe, su kuwa sun mai da abin wasan yara. Na faɗi maganganun da bai kamata a faɗa wa na gaba ba, har ɗaya daga cikinsu, malamin wata makaranta a Doma, mai yawan barkwanci, ya ce a kawo ruwa a zuba wa yaron nan kafin ya kama da wuta.

Baba bai yi fushi ba. Ya tsince allin, ya ce in koma benci, ya ari tsumagiyata da ke ɗaure a keke. Sai ya fara darasi da harshen Eggon. Babu mai jin ko kalma ɗaya a cikinmu. Ya faɗa, ya yi mana alama mu maimaita, muka maimaita. Ya sake, muka sake, har abin ya zauna a bakina ina rerawa da daɗi. Can sai ya tsaya cak ya nuna ni da tsumagiya, ya yi mini tambaya. Na san tambaya ce don muryarsa ta tashi. Na buɗe baki babu abin faɗa. Ya matso ya sake tambaya da ƙarfi, ya ɗaga bulalar. Na san sarai ba zai doke ni ba, amma wallahi gumi ya keto mini, abin da kawai nake so shi ne in ga ƙofa.

Ya sauke hannu ya ce da Hausarsa mai karkata, "Biyu da uku na tambaye ka, ɗana. Kuma kai ka fi kowa iya rerawa."

Babu wanda ya yi dariya, har malamin Doma. Ni dai na sunkuyar da kai, fuskokin yarana suna zuwa mini ɗaya bayan ɗaya, na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Tun daga ranar muka sauya yadda muke yi. Aka ce duk wanda ya zauna a benci ya zama yaron da ya fi ba shi wahala a ajinsa, ya ƙi ganewa yadda yaron ke ƙin ganewa. Darasi ya koma abin gumi. Malamin Doma yana jin Alago, shi ya zaunar da ni ya koya mini ƙirga daga ɗaya zuwa ashirin, da yadda ake cewa raba, da nawa, da saura, yana yi yana tsokanata wai harshena ya yi kauri kamar sakwarar jiya. Wani ya kawo shawarar a riƙa ƙirga da 'ya'yan tsamiya. Baba kuma ya kafa mana doka guda: in ka yi wa yaro tambaya ka rufe bakinka ka jira, kada ka taya shi, kada ka wuce shi, shi kuma yaron kada ya faɗi amsa sai ya gama aikinsa ya tabbata. Ya ce yawancin yaran da muke kira dakikai ba mu taɓa jiran su ba ne.

Na soke tsumagiyata a cikin ciyawar rufi. Ran Litinin na shiga aji da ƙwarya cike da 'ya'yan tsamiya, na ƙirga da Alago. Ajin ya fashe da dariya, don ashe duk na karya kalmomin. Da can da na zane su. Ranar sai na bar su suka gyara mini, suna ta rige-rigen gyarawa, yaran da ban taɓa jin muryarsu su kaɗai ba.

Akwai wata yarinya a bencin baya, doguwa, za ta kai shekara goma sha ɗaya, tafin hannunta duk ya tsattsage saboda ruwan gishiri. Tun da na zo ba ta taɓa ce mini uffan ba, kuma ta fi kowa shan bulalata. Na zuba mata 'ya'yan tsamiya goma sha biyu na ce ta raba wa mutum uku, kada ta faɗi amsa sai ta gama, kamar yadda na gaya wa duk ajin. Ta dube ni, ta dubi hannuna ta ga babu komai, sannan ta durƙusa ta riƙa ajiye su ɗai-ɗai a ƙasa, nan ɗaya, nan ɗaya, nan ɗaya. Na cije leɓe na jira. Sai da ta gama ta sake ƙirga kowane tsibi, sannan ta ce huɗu da Alago, a hankali. Na ce ta faɗa da Hausa, ta faɗa. Ban san sanda na tafa hannu ba.

Labari ya shiga gari cewa malam ya daina duka, kuma yana yaren da ke sa a yi dariya. Yara suka fara dawowa, har waɗanda aka tafi da su wajen gishiri. Uwar yarinyar nan ta aiko mini da curin gishiri a ganye. Amma ni hankalina bai kwanta ba ko kaɗan, don kullum na ɗaga kai sai in ga hadari na ƙara haɗuwa ta gabas, ga yaran suna ganewa amma a hankali. Abin da ya kamata a yi a shekara nake so in cusa a wata biyu. Kowace Asabar zan taka keke zuwa Lafia in ce musu ba za mu kai ba, su ce in ci gaba.

Da lokaci ya matso, su huɗun suka ce za su zo ƙauyen a gwada. Suka iso wata Asabar a kan kekuna. Baba ya sa hular hana-salla ya zama mai duba makarantu, ya sha mur, ya rubuta lissafi a allo, ya riƙa kiran yara ɗaya bayan ɗaya. Kowane yaro ya kwance 'ya'yan tsamiyarsa daga bakin zane ko aljihu, ya durƙusa, ya raba, ya ƙirga, ya faɗa. Baba yana tsaye hannu a baya yana jira. Kusan duka suka ci. Iyaye sun cika taga da ƙofa suna leƙe, mata suka yi guɗa, mai gari ya sa aka yanka mana kaji. Ranar na ci abinci har na nemi ƙari.

Mu biyar, malamai, babu wanda ya lura da kuskuren da muka yi. Mun gwada komai, amma mai duba makarantun da muka gwada da shi Baba ne, mutumin da zai iya tsayawa har la'asar yana jiran yaro ɗaya. Mun manta na gaskiyar yana da agogo.

Ya zo wata Talata bayan azahar, a makare, wandonsa duk taɓo. An yi ruwa da safe, wani hadarin kuma ya taso baƙi ƙirin. Tsakaninmu da babbar hanya akwai rafi, in ya cika babur ba ya ƙetarewa sai bayan kwana biyu. Tun shigowarsa yake duban agogo yana duban taga. Ya rubuta goma sha bakwai a raba gida uku, ya ce in nuna wanda na fi amincewa da shi. Na nuna yarinyar.

Ta fito, ta kwance bakin zanenta, ta durƙusa ta fara ajiyewa ɗai-ɗai. Ya dube ta, ya dube ni. Ya tambaye ta amsa, ba ta ɗago ba. Ya sake tambaya, ta ci gaba da abin da take yi. Sai ya ce na gaba. Na gaban ma ya durƙusa ya fara zuba nasa. Na uku ma haka. Kafin ka ce kwabo yara biyar suna tsugune a gabansa, ajin shiru, ba ka jin komai sai ƙarar 'ya'yan tsamiya a ƙasa da rugugin hadari. Ya tambaye ni ko dara nake koya musu. Na ce ranka ya daɗe a ɗan jira su, yanzu za su faɗa. Ya ce tun rani yake jira.

Ya rufe littafinsa. A daidai lokacin na dubi gaban yarinyar, tsibi uku ne, kowanne biyar, biyu kuma a tafin hannunta, tana sake ƙirga tsibi na biyu don ta tabbata. Na ce masa ya duba ƙasa, ga amsar nan a ƙasa. Ya riga ya kai ƙofa. Na bi shi har gindin babur, na durƙusa a cikin taɓo a gaban yarana da iyayensu, na riƙe masa ƙafar wando ina roƙo ya koma ko minti biyu ne. Na haɗa shi da Allah, na haɗa shi da iyayensa. Ba mugu ba ne, na ga abin ya dame shi. Ya ce shi abin da ya gani zai rubuta, ya yi tambaya sau biyar bai ji amsa ko ɗaya ba. Ya tayar da babur ya tafi, ruwa ya sauko kafin in miƙe.

Na rubuta takardar roƙo, Baba ya gyara mini, su huɗun suka sa hannu. Na taka keke zuwa Lafia sau uku ina zaman jira a bakin ofis, har masinja ya gane ni yana cewa in dawo jibi tun ban sauka ba. Bayan mako uku takarda ta fito. An rufe makarantar, ni an mai da ni wajen Doma ƙarƙashin wani hedimasta, allo a mayar ofis, bencuna kuma a raba wa makarantu huɗu mafi kusa. Makarantun abokaina ne. Makaranta mafi kusa da ƙauyen tafiyar rabin yini ce, babu uwar da za ta bar ɗanta ya yi ta kullum. Da na kai wa mai gari labari bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na ji sauƙi. Cewa kawai ya yi lokacin shuka riɗi bai wuce ba.

Daga baya ƙungiyarmu ta Asabar ta ci gaba, har ta ƙaru. 'Ya'yan tsamiya suka shiga ajujuwan su Baba, kuma kowane gwaji sai an sa wani ya zama baƙo mai sauri, yana duban agogo yana katse yara, don su saba. Makarantu da dama sun tsira da wannan, an sha faɗa mini don a sanyaya mini rai. Bai taɓa sanyaya ba, don da tawa aka koya.

Ranar ɗaukar kaya Baba ya ce ba za su aiko 'yan dako su kaɗai ba, su da kansu za su zo. Suka zo da hantsi. Muka fito da bencunan muka jera a fili, mutanen gari suka kewaye mu, yaran suna gaba. Malamai huɗu suka tsaya kowa yana kallon ƙasa, an rasa wanda zai fara taɓa benci. Malamin Doma, don dai ya kashe shirun, ya ce to yanzu yaya za a yi rabon.

Sai muka ji murya daga cikin yara, da Hausa. Yarinyar ce, hannunta babu komai.

"Bibbiyu. Ɗaya ya rage."

Zuciyar nan tawa ta taso. Na juya na daka mata tsawa, na ce me ya hana ta buɗe baki haka ranar Talata, da yanzu muna cikin aji. Ta ja da baya kaɗan, ta dubi hannuna kamar yadda ta saba, sannan ta ce, "Malam, kai ka ce kada mu faɗa sai mun gama."

Baba ya dafa kafaɗata, ya ce wa 'yan dako su ɗauki bibbiyu. Ya ce takarda ta ce a raba daidai, ba ta faɗi abin da za a yi da saura ba, don haka a mayar da shi ciki. Yaran da kansu suka ɗauke shi suka shigar.

Na ɗaure akwatina a bayan keke, na yi sallama da wanda zan iya duban idonsa. Hanyar fita gari ta bi ta gaban ajin. Na yi niyyar in wuce ban duba ba, amma na duba. Su shida ne a kan bencin, sun matsu, yarinyar a tsakiya, sauran suna zaune a ƙasa. Duk sun fuskanci bangon da aka cire allo, sun yi shiru suna jira.